Wane ne lafiyayye? Tambayoyin da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam ke yawan yi

Kusan kowace shekara, da zarar an shiga darasin cututtukan ƙwaƙwalwa, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga bakin ɗalibai. Wasu a aji suke yin su. Wasu kuwa sai an tashi su biyo ni a hankali, domin maganar ta shafe su ne su da kansu, ko wani nasu a gida. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, tun da muka fara karanta alamomin cututtuka nake ganin kaina a cikin kowace. Anya lafiyata ƙalau?

Da wuya ka sami ɗalibin da wannan bai taɓa kama shi ba, ɗaliban likitanci ma sun daɗe da sanin abin. Dalilin shi ne alamomin da ke cikin littattafanku abubuwa ne da kowa ke ji: rashin barci, faɗuwar gaba, mantuwa, saurin fushi, gajiya. Ido yana ganin jerin alamomin ya tsaya a nan, ya tsallake sharuɗɗan da ke biye da su, alhali su ne ƙashin bayan maganar. Ɗauki ciwon damuwa mai tsanani. Ba a kiran sa ciwo sai mutum ya haɗa alamomi 5 cikin 9, suna tare da shi yawancin yini, kusan kullum, na aƙalla mako biyu, ɗaya daga ciki kuma dole ta kasance ƙuncin rai ko gushewar sha'awar abubuwan da yake so a da. Bayan haka sai an ga abin yana azabtar da shi ko yana ɓata masa harkokinsa. Daren jarrabawa da ka kwana kana juyi ba ya cikin wannan lissafi.

Amma idan ka karanta sharuɗɗan duka ka ga har yanzu kai ake nufi, kada ka ce ai ciwon ɗalibai ne. Je ka ga likita.

To da me ake aunawa har a ce wannan hali daidai ne, wancan ba daidai ba?

Ma'auni huɗu ake koyarwa, kuma babu ɗaya da ke tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai.

Na farko shi ne bambanta da jama'a. A gwajin kaifin basira an tsara matsakaicin maki ya zama 100, kuma kimanin mutum 2 cikin 100 ne ke haura 130, kamar yadda kimanin 2 ke faɗawa ƙasa da 70. Dukkansu sun fita daga tsakiya, amma ɗaya kawai muke wa kallon matsala. Bahago mutum 1 ne cikin 10, yaron da ya haddace Alƙur'ani yana shekara goma ya fi haka ƙaranci, ba wanda zai kai su asibiti. Na biyu shi ne wahalar da mutum ke ji a ransa. Uwar da ta binne ɗanta jiya tana cikin azabar da ba ta misaltuwa, ba ta kuwa da ciwo. A gefe guda, mai ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kwana uku bai runtsa ba, ya sayar da gidansa ya rabar da kuɗin, shi a ransa bai taɓa jin daɗi irin na wannan mako ba. Na uku shi ne kasa gudanar da rayuwa: aiki, karatu, zaman aure, tsaftar jiki. Wannan ya fi sauran ƙarfi, sai dai shi ma ya danganta da irin rayuwar da ake buƙata daga mutum. Yaron da haruffa ke rikice masa ba a taɓa gane yana da wata matsala a inda kiwo ne sana'a. Na huɗu shi ne hatsari ga kai ko ga wasu, kuma a nan ne jama'a suka fi zaluntar marasa lafiya, domin akasarinsu ba sa cutar da kowa, su ne ma ake yawan cutarwa.

Ni ina ƙara na biyar, kuma a aikace shi nake fara tambaya: yaya mutumin yake kafin yanzu? Mai shiru-shiru tun yana yaro, shirunsa halinsa ne. Mai raha da ya wayi gari ya daina magana, ya daina fita masallaci, ya daina cin abinci da iyalinsa, wannan shirun labari ne. Idan 'yan uwa suka ce "wallahi ba haka yake ba a da", sun faɗa maka abin da takardar gwaji ba za ta faɗa ba.

Ashe ba abin da yawancin mutane ke yi ne daidai ba?

A'a. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram ya sa mutanen gari su riƙa danna maɓallin da suka yarda yana jan wani bawan Allah da wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa. Wutar ta ƙarya ce, amma su ba su sani ba. A gwajin da ya fi shahara, mutum 26 cikin 40 sun danna har matakin ƙarshe, bolt 450, don kawai wani mai rigar bincike ya ce su ci gaba. Masu rinjaye ke nan, kuma abin da suka yi ba abin yabo ba ne.

Ta ɗaya ɓangaren, a birnin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi diddigin yara 1,037 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 har suka manyanta. Da suka kai shekara 38, kashi 17 cikin 100 ne kacal ba a taɓa samun su da wata matsalar ƙwaƙwalwa ba a duk zagayen da aka duba su. Da yawa ne ma'auni, da wanda bai taɓa ciwo ba shi ne baƙo a cikin mutane.

Duk misalan littattafanmu na Turawa ne. Shin abin da aka gano a kansu ya shafe mu?

Wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibi ya yi, kuma ina so ya ci gaba da yin ta har ya gama karatu. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin ya tarar kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kawai na al'ummar duniya. Kashi 68 Amurkawa ne, da yawansu kuma ɗaliban jami'a. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka nuna cewa waɗannan mutane, a gwaje-gwaje da dama, su ne ma suka fi fita daban da sauran 'yan Adam. Har a yadda ido ke gani. Akwai wani zane na layuka biyu masu tsawo ɗaya da ake wa kibiyoyi a baki, ɗaya sai ya zama kamar ya fi tsawo. An ɗauka kowane ido haka yake ruɗuwa, sai binciken shekarun 1960 ya nuna Amurkawa sun fi kowa ruɗuwa da shi, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar yake ruɗa su. Mudun wata kasuwa aka ɗauko ana auna hatsin duniya da shi.

Ka dubi gidanku. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ko goggo ce ke ɗauke shi bayan yaye. Baƙon da ya zo da takardar gwajin shaƙuwar uwa da ɗa zai iya rubuta cewa wannan uwa ba ta damu da ɗanta ba. Mu mun san kunya ce, mun kuma san yadda take kwana a zaune idan yaron ya yi zazzaɓi. Masu binciken da suka zauna da iyalan Hausawa a shekarun 1970 sun tarar jariri kan shaƙu da manya uku ko huɗu a gida ɗaya, abin da ra'ayin da ke ɗora komai a kan uwa ita kaɗai bai yi tanadinsa ba. Haka yarinyar da ta sunkuyar da kai ta ƙi haɗa ido da likita. A wasu takardun gwaji wannan alama ce da ake ba maki, a gidanmu tarbiyya ce.

Kuma yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti su ce suna cikin damuwa. Cewa suke kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa. Wanda ya zauna yana jiran kalmomin da ya haddace a littafi zai sallami majiyyaci da maganin zazzaɓi sau biyar bai gane abin da ke damunsa ba.

Duk da haka ban ce a zubar da ilimin ba. Akwai abubuwa da yawa da aka gwada a nahiyoyi daban-daban suka tsaya. Abin da nake so shi ne duk binciken da ka karanta ka tambaya: a kan su wa aka yi shi, su nawa ne, a wane harshe aka yi musu tambayoyin?

An taɓa kiran lafiyayyun mutane mahaukata da sunan kimiyya?

An yi, ba sau ɗaya ba. A 1851 wani likita a kudancin Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi ke yi daga iyayengijinsu ciwon ƙwaƙwalwa ne, har ya raɗa masa suna, ya kuma ba da shawarar bulala a matsayin riga-kafi. A Tarayyar Sobiyat an riƙa tsare masu sukar gwamnati a asibitocin ƙwaƙwalwa da hujjar wani nau'in ciwo mai tafiyar hawainiya wanda neman gyara da naci kan gaskiya ke cikin alamominsa. Abin ya yi ƙamari har ƙungiyar likitocin ƙasar ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983 kafin a kore ta. A nan Afirka, J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari na Nairobi, ya kwatanta tunanin baƙar fata da na Baturen da aka yanke wa gaban ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta buga masa rahoto kan tunanin ɗan Afirka a 1953. Shi da ire-irensa sun yaɗa cewa ɗan Afirka ba ya ciwon damuwa, ƙaryar da ta jawo aka daɗe ba a neman ciwon a wurinmu balle a yi maganinsa.

Wanda ya tsaya ya ƙaryata su da aiki ɗan Najeriya ne, Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majiyyaci ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. Binciken da ya yi da masanan Jami'ar Cornell a ƙasar Yarbawa, wanda aka wallafa a 1963, ya nuna damuwa da fargaba suna nan a ƙauyukan Afirka kamar ko'ina. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Labarin mutanen da suka yi ƙaryar hauka aka kwantar da su fa?

David Rosenhan ne ya wallafa shi a 1973. Ya ce lafiyayyu 8 sun je asibitoci 12 a Amurka suna cewa suna jin wata murya, aka kwantar da su duka, suka yi matsakaicin kwana 19 ba a gane su ba. Rahoton ya girgiza fannin, yana kuma cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara sharuɗɗa a kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 1980. Sai dai a 2019 wata 'yar jarida, Susannah Cahalan, ta bi sawun takardun asibitin ta tarar Rosenhan ya faɗa wa likitoci alamomi masu tsanani fiye da waɗanda ya rubuta, ta kuma kasa gano akasarin mutanen da ya ce ya aika. Ka san labarin don jarrabawa, amma kada ka kafa hujja da shi.

Ke nan ciwon ƙwaƙwalwa ƙirƙira ce kawai, kowace al'umma da nata?

A nan nake rabuwa da wasu ɗalibaina masu kaifin kai, kuma ina rabuwa da su da gaske. Da zarar sun ji labarin Cartwright sai su yi tsalle su ce ai babu wani ciwo, duk lakabi ne da masu iko ke manna wa mutane. Wanda ya taɓa zama da uwar da ɗanta saurayi ya daina wanka, yana magana da waɗanda ba kowa ke gani ba, yana zargin ta da sa masa guba a abinci, ba zai iya faɗin wannan magana a gabanta ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960 a ƙasashe 9, ciki har da cibiya a Ibadan, ya sami irin wannan ciwo, wanda ake kira sikizofireniya, a kowace daga cikinsu da alamomin da ake iya ganewa. Kowace al'umma da aka sani tana bambanta mai hankali da wanda hankalinsa ya gushe. Shari'ar Musulunci ta ɗauke alƙalami daga kan wanda ya rasa hankali tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Gaskiya ne mutane ne ke shata iyaka, kuma sukan matsar da ita. Amma wahalar da ake shata wa iyakar ba su suka ƙirƙiro ta ba.

Har tsawon wane lokaci baƙin cikin mutuwa yake zama daidai?

Masanan kansu ba su daidaita ba. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ce sai an wuce aƙalla wata 6, kundin Amurka da aka sabunta a shekarar ya ce wata 12 ga babba. Dukansu sun sa sharaɗin cewa sai abin ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba fita sai da larura, tana bin umarnin addininta ne, ba alamar ciwo take nunawa ba. Abin dubawa shi ne wadda shekara ta zagayo tana nan kamar ranar da aka fita da gawar, ta kasa kula da 'ya'yanta, tana fatan ta bi shi. Haƙuri da muke ba juna yana da amfani ƙwarai, amma ga irin wannan mata "ki yi haƙuri" kaɗai ba ya isa.

Kakata tana cewa tana jin muryar marigayi mijinta. Ni kuma dannau na yawan kama ni. Hauka ne?

Ba hauka ba ne. A 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tattauna da mutum 293 da mazansu ko matansu suka rasu, kusan rabinsu suka ce sun ji kamar mamacin na kusa, wasu sun gan shi, wasu sun ji muryarsa, akasarinsu kuma abin sanyaya musu rai yake yi. Dannau kuwa, a lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa kan kashe motsin gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata mafarkinsa. Idan ka farka kafin ta sake su, sai ka ji ka a danne, ga sauran mafarki na yawo a ɗakin. Ya fi kama masu kwana rigingine da marasa isasshen barci, shi ya sa ya yi yawa a cikin ɗalibai.

Ko a cikin masu ciwon na gaske, wuri yana canja kamannin abin. Tanya Luhrmann ta Jami'ar Stanford ta tattauna da majiyyata 20 a Kalifoniya, 20 a Accra, 20 a Chennai ta Indiya. Na Amurka sun fi kwatanta muryoyin da tsangwama da tashin hankali, da yawa daga na Accra sun ce muryar Allah suke ji, na Chennai kuma sukan ji 'yan uwa suna sa su aikin gida. Abin da ke sa a damu shi ne muryar da ke zagi, ko ke umartar mutum ya cutar da kansa ko wani, ko wadda ta zo tare da rikicewar magana da gudun mutane.

Wannan karatu ba zai ci karo da imanina ba? A gida komai aljanu ake cewa.

Musulmi sun riga Freud, Baturen likitan da ake ƙirgawa cikin iyayen wannan fanni, magana a kan waɗannan abubuwa da kusan shekara dubu. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya raba baƙin ciki gida biyu: mai dalili bayyananne kamar rashi, wanda ake magance shi da nasiha da gyaran tunani, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ya yi babi guda kan waswasi. Malik Badri, masanin Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci, kuma tun 1979 yake gargaɗin Musulmi masu wannan fanni kada su haɗiye duk abin da aka ba su ba tauna.

Waswasi misali ne mai kyau na inda ɓangarorin biyu suka haɗu. A Sahihu Muslim, sahabbai sun kai kuka cewa suna jin abubuwa a ransu da suke ganin girman furta su, Annabi (SAW) ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Wani bincike na 2014 a ƙasashe 13 ya tarar kusan kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna samun irin waɗannan tunane-tunane marasa daɗi da ke faɗo wa mutum ba da sonsa ba. Zuwan tunanin ba ciwo ba ne. Ciwo shi ne mutum ya shafe awa yana maimaita alwala har lokacin salla ya fita, hannunsa ya tsattsage da wanki, kuma wannan yana da magani.

Maganar gaibi ba aikin ɗakin gwaji ba ce, ba kuma zan yanke hukunci a kanta ba. Abin da na tsaya a kai shi ne addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Farfaɗiya, wadda aka fi jingina wa iska, har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace. Duka da mari da hayaƙi a ɗaki rufe kuwa ba magani ba ne a kowane ma'auni, zalunci ne a kan wanda ba zai iya kare kansa ba.

Na ga alamomi a jikin yayana. In gaya masa sunan ciwonsa?

Kada ka yi. Zangon karatu biyu bai mai da kai likita ba, kuma suna irin wannan idan ya manne wa mutum a unguwa yana iya hana shi aure da aiki shekaru bayan ya warke. Ka gaya masa abin da ka gani cikin ladabi: "Yaya, na ga kwanan nan ba ka barci, ba ka cin abinci, me ke damunka?" Sannan ka saurara. Idan abin ya fi ƙarfinka, nemi babban da yake jin maganarsa.

Akwai lokutan da ba a jira. Mutum ya fara maganar kashe kansa ko yana sallama da mutane. Ya kwana biyu ko uku bai yi barci ba kuma ba ya jin gajiya. Mai jego ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, abin da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 kuma yana warkewa idan aka yi sauri. Ko mutum ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da sanƙarau suna zuwa da kamar hauka, haka ma tiramol da sauran ƙwayoyi. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen. Idan kun je ku faɗi komai, har abin da yake sha da duk inda aka kai shi kafin nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku kuma sani tun Janairun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma a ƙarƙashinta majiyyaci na da haƙƙin a mutunta shi, a kuma sa shi cikin shawarar yadda za a yi masa magani.